Corolla mai rawar ɗari da asuba: nazarin matsalar misin da rashin silo

## Motar da mai ita

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai giyar otomatik, wadda ta shigo a tokumbo. Injinta 1ZZ-FE ne, mai lita 1.8 da silinda huɗu. Kowace silinda da kwayil ɗinta, mai ba filogi wuta, a kan filogin, babu dilko, babu dogayen wayoyin filogi. Totur ɗinta ma ba na kebul ba ne: daga ƙirar 2005 Corollar Amurka ta koma totur na lantarki, ƙwaƙwalwar motar ce ke buɗe shi, ita ce kuma ke riƙe silo, wato juyin da inji ke yi da kansa in ba a taka totur ba. Agogonta ya haura mil 180,000.

Mai ita malamin makaranta ne da ke zaune a cikin Kano, yana zuwa aiki Wudil kwana uku a mako, fitarsa kuma bayan sallar asuba ce. Yana juye baƙin mai a kan kari. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya fara rubuta litar da ya sha da nisan da ya yi, lissafinsa kuma yana tsayawa a kan kilomita 11 a kowace lita. Yana da wata ɗabi'a kuma: ba ya barin tsohon kaya a gareji. Duk abin da aka cire masa, a leda yake ƙullewa ya jefa but.

## Tsakiyar Nuwamba: yadda abin ya faro

Da hunturu ya fara saukowa, motar ta soma karkarwa da safe. Tana tashi a maƙulli ɗaya, allurar juyin inji ta hau sama kamar yadda ta saba, amma da zarar ta fara saukowa sai sitiyari ya kama rawa. In ya sa giya a D ƙafarsa na kan birki, allurar takan faɗo ƙasa da 600, motar ta yi kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo. Bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar abin yakan lafa. Da rana, a danja ko a cunkoso, ɗan girgiza ne kawai wanda sai mai motar ke iya ji. A kan titi kuwa tana jan hanya lafiya lau.

Bayan kamar mako guda wutar cek ta kama a dashbod, ta tsaya cak ba ta ƙiftawa.

## Ƙarshen Nuwamba: zargin mai, sabis da filogi

Zargin farko a kan fetur ya sauka. Tun abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol ya lalata wa mutane motoci, direba a Najeriya in motarsa ta yi tari gidan mai yake fara tunawa. Malamin ya ƙarar da tankin, ya canza gidan mai, ya zuba maganin wanke nozul. Karkarwar safe ba ta ko gezau ba.

Sai ya kai ta wurin bakaniken unguwarsu da yamma, bayan ya dawo daga Wudil, injin da zafinsa. Bakaniken ya saurara, ya ce filogi ne. Ya ciro filogai huɗu na iridiyam, ya sa wasu na gama-gari masu arha da aka sayo a shagon kusa. Ya kwance nozul ya wanke, ya wanke bakin totur, ya nemi sukurun da zai ƙara silo bai samu ba, domin wannan injin ba shi da shi. Daga ƙarshe ya cire kan batir na ɗan lokaci, wutar cek ta mutu. Motar ta bar garejin tana silo sumul.

Washegari da asuba ta mutu sau biyu kafin a fita daga layi, abin da ba ta taɓa yi ba. Kwana biyu tana haka, sannan ta koma karkarwarta ta da. Cikin mako wutar ta dawo.

## Farkon Disamba: kwamfuta ta farko da kwayil huɗu

Aka ba shi shawara ya sa mata kwamfuta. Wani rewaya mai ƙaramar na'urar karanta lambobi ya jona ta a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda dokar Amurka ta wajabta wa motoci tun ƙirar 1996. Lambobi biyu suka fito: P0300 da P0171. Ta farko tana nufin misin, wato silinda ta kasa ƙone manta, kuma bai tsaya a silinda ɗaya ba. Ta biyu tana nufin iska ta rinjayi mai a cakuɗin da injin ke ƙonawa.

Rewayan ya ɗauki ta farko. Ya ce misin aikin kwayil ne, tunda kuma ba a san wanne ba ne, a canza huɗun a huta. P0171 kuwa ya ce za ta tafi da kanta in wuta ta daidaita. Aka sayo kwayil huɗu tokumbo a Ƙofar Ruwa, aka ɗaura, aka goge lambobin. Wannan ma da rana aka yi.

Karkarwar safe tana nan. Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo cikin kwanakin da suka biyo baya: in injin ya ɗauki zafi, malamin ya taka totur zai wuce tirela a hanyar Wudil, ko yana hawa gadar sama da esi a kunne, motar takan fizga sau biyu ko uku, ƙarfinta ya ragu, wutar cek ta riƙa ƙiftawa. In ya sassauta ƙafa sai ta daina. Ya ci gaba da hawanta a haka kusan mako uku, saboda lokacin jarrabawa ne. Shan mai ya koma tsakanin kilomita 8.5 da 9 a lita.

## Ƙarshen Disamba: famfon mai, da shawarwarin da ba a ɗauka ba

Gareji na uku ya ji labarin fizga a kan hanya, ya ce mai ne ba ya isa. Aka buɗe tanki ta ƙarƙashin kujerar baya, aka canza famfon mai. Ba a auna ƙarfin tsohon ba, ba a auna na sabon ba. Fizgar da karkarwar duka suka ci gaba yadda suke.

Daga nan shawarwari suka yi nauyi. Wani ya ce indomi ne ya toshe, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, a fasa a cire, har ma akwai mai saye a kusa. Masu sayen ba sa rasuwa, domin a cikinsa akwai platinum da palladium da rhodium. Wani ya ce injin ya gaji, a sauke shi a canza ringi. Na uku ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Malamin bai ɗauki ko ɗaya ba. Albashin watan ya riga ya tafi a kan kwayil da famfo.

## Mako na biyu na Janairu, da rana: laifi na farko

Wani abokin aikinsa ya tura shi wurin bakaniken da ke da na'ura mai nuna abin da injin ke yi yana cikin aiki. Kafin a buɗe bonet sai da aka zauna a kan tambayoyi: yaushe take karkarwa, yaushe take fizga, wanne ya riga wanne, me aka canza kafin kowanne. Da malamin ya jero su, sai ya bayyana cewa fizgar ba ta taɓa faruwa ba sai bayan an sa kwayil ɗin tokumbo.

Na'urar ta nuna lambobi uku: P0171, P0300, da sabuwa, P0302, wato misin a silinda ta biyu. Ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin tartsatsin filogi. Abin da take ƙirgawa shi ne saurin juyin karanshaf, wato sandar da silindun ke juyawa: duk silindar da ta ƙone manta tana ba shi ɗan turi, wadda ta kasa kuwa sai juyin ya ɗan yi sanyi a daidai lokacinta, ƙwaƙwalwar ta rubuta mata ɗaya. Shi ya sa lambar misin take faɗin silindar da ta kasa, ba ta faɗin dalili. Dalilin na iya zama wuta, ko mai, ko iska, ko matsin silindar kanta.

Tare da lambar, ƙwaƙwalwar tana ajiye yanayin injin a daidai lokacin da laifin ya faru. Na P0302 ya nuna ruwan inji a digiri 88, juyi wajen 2,400 a minti, inji ɗauke da nauyi sosai. Wannan ya dace da labarin wuce tirela, ya kuma nuna tamostat ɗin motar yana nan yana aiki, abin da sai an duba a garuruwanmu, inda ake yawan cire shi da sunan zafin ƙasa.

Aka ɗauke kwayil na silinda ta biyu aka kai ta huɗu, na huɗu aka dawo da shi ta biyu, aka fita gwaji da na'urar a jone. A hawan gada na farko ƙidayar misin ta bar silinda ta biyu ta koma ta huɗu. Laifin ya bi kwayil. Da aka ciro shi aka duba robar bakinsa, akwai siririn layi mai launin toka inda wuta ke tsallakewa zuwa jikin inji. A silo matsin cikin silinda kaɗan ne, ko raunannen kwayil yana iya haifar da tartsatsi. In an taka totur matsin ya ƙaru, wutar na buƙatar ƙarfi fiye da haka kafin ta tsallaka bakin filogi, sai ta nemi hanya mafi sauƙi ta gefe.

Aka buɗe but aka ɗauko ledar. Tsofaffin kwayil huɗun na asali suka koma gurbinsu. Filogan gama-garin da aka ciro, tazarar bakinsu ba ɗaya ba ce, ɗaya ya kai milimita 1.3, alhali injin 1.1 yake so. Tsofaffin na iridiyam da ke cikin leda su ma bakinsu ya ci, lokacin canza su ya yi. Aka sa sababbi na Denso SK16R11, irin wanda aka tsara wa injin. A gwaji na biyu, da esi a kunne, ƙidayar misin ta tsaya a sifiri a silinda huɗun.

Tunda filogai na waje, aka auna matsin silinda: 175, 172, 178 da 174 a ma'aunin psi. Mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi a wannan injin 145 ne, bambanci tsakanin silinda kuma kada ya wuce 15. Maganar ringi ta faɗi a nan. Ƙarfin famfon mai ya nuna 46, ƙa'idar kuwa 44 zuwa 50 ce.

## Da yammacin ranar: abin da awon mai ya nuna

Saura P0171. Inji mai fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Na'urar awon iska da ke bayan matatar iska ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwa yawan iskar da ta shiga, ƙwaƙwalwa ta ba nozul umarnin man da ya dace, sensar da ke bakin salansa kuma ta duba hayaƙin ta ce an yi daidai ko an kuskure. In an kuskure, ƙwaƙwalwar tana gyarawa ta hanya biyu. Akwai gyaran nan take, wanda na'ura ke rubutawa STFT, yana hawa yana sauka kowane daƙiƙa. Akwai kuma wanda ta koya ta haddace, LTFT. A lafiyayyen inji jimillarsu ba ta cika wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba, har 10 ma ana haƙuri.

An bar wannan awon sai bayan gyaran kwayil da gangan. Silindar da ta yi misin tana tura iskar da ba ta ƙone ba cikin salansa, sensa ta ga iskar ta ce mai ya yi kaɗan, lissafin ya gurɓace.

Da zafin inji, a silo, LTFT ya nuna +14, STFT yana yawo a +3. Da aka riƙe totur a juyi 2,500, jimillar ta sauko +4. Wannan saukowar ita ce mabuɗin. A silo bakin totur kusan a rufe yake, iskar da ke shiga ta hanyar ƙa'ida kaɗan ce, zuƙar da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, kuma tana da ƙarfi, don haka ko ƙaramar ɓaraka tana shigo da kaso mai yawa na iskar da ba a auna ba. In an buɗe totur, iskar ƙa'ida ta yawaita, ta ɓarakar ta zama ba komai ba. Da famfon mai ne ya gaza, ko na'urar awon iska ce ta yi datti, da akasin haka za a gani: lambar ta yi kyau a silo, ta lalace in an taka.

Aka bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya: babbar robar da ta taso daga matatar iska, tiyon da ke zuwa tukunyar birki, tiyon numfashin inji, da bawul ɗin tururin tanki. Babu tsagewa. Aka fesa maganin wanke kafireta a kewayen manifol, lambar ta ɗan motsa, motsin da ba za a kafa hujja da shi ba. Bakaniken ya ce, "Malam, sai dai ka bar ta ta kwana. Ciwon asuba gare ta."

## Washegari da asuba: laifi na biyu

Kafin a tayar da ita, na'urar ta nuna ruwan inji da iskar shiga duka a digiri 14, shaidar cewa injin ya huce sarai kuma sensocin zafi biyun ba sa ƙarya. Aka murɗa maƙulli. Da sensar salansa ta ɗumama ta fara aiki, STFT ya haura +20 a kan +14 ɗin da aka haddace. Jimilla ta wuce kashi 30, yankin da ƙwaƙwalwar ke kunna P0171. Ƙidayar misin ta riƙa ɗigowa kaɗan-kaɗan a silinda ta ɗaya da ta biyu, wani lokaci ta uku, sitiyari yana rawa.

Aka sake fesa maganin a daidai mahaɗar manifol da kan inji, ta ɓangaren silinda ta ɗaya. Nan take STFT ya faɗo ƙasa da sifiri, silo ya miƙe na 'yan daƙiƙoƙi, sannan karkarwar ta dawo. Injin ya zuƙi maganin ta ɓarakar ya ƙone shi a matsayin mai. Wannan gwajin yana da haɗarin gobara, shi ya sa a kan sanyin inji ya fi dacewa, da abin kashe wuta a kusa. Don tabbatarwa aka kashe motar, aka toshe bakin shigar iska, aka hura hayaƙi cikin manifol. Hayaƙin ya fito ta ƙasan mahaɗar, wurin da ido ba ya kaiwa.

Manifol ɗin wannan injin na roba mai tauri ne, kan injin kuma alminiyam. Tsakaninsu akwai gasket na roba mai laushi da ke zaune cikin kwarmi. Wanda aka ciro baƙi ne, ya baje ya daidaita da bakin kwarmin, ya ƙandare har yana tsagewa in an lanƙwasa. Da sanyi yana ƙanƙancewa ya bar ƙofa. In inji ya yi zafi, ƙarfe da roba suka kumbura, ƙofar ta kusa rufewa. Sananniyar lalura ce a Corolla da Matrix masu wannan injin daga 2003 zuwa 2008, musamman a wuraren sanyi, har Toyota ta sauya gasket ɗin da wani mai ruwan lemo da ya fi jure sanyi.

Irin wannan aka samo aka sa, tare da sabon gasket na bakin totur. Aka goge fuskar kan injin, aka ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo a kan 30 Nm, saboda manifol na roba in an matse shi da ƙarfin hannu yana iya karkacewa. Aikin bai kai awa biyu ba. Kuɗin gasket ɗin bai kai na kwayil ɗaya daga cikin huɗun da aka saya a Disamba ba.

## Janairu zuwa Afrilu: bibiya

Motar ta sake kwana a garejin. Da asuba, a kusan irin sanyin jiya, STFT bai wuce +5 ba, misin sifiri, silo ya sauka ya zauna wajen 700 ba tare da rawa ba. Bayan mako guda LTFT ya tsaya a +3. Tankuna biyu na gaba sun ba da kilomita 11 a lita. Har hunturu ya wuce wutar cek ba ta dawo ba.

A Afrilu, da aka jona na'ura lokacin juyen baƙin mai, an ga P0420 a jerin lambobin da ke jiran tabbaci, ba ta kai ga kunna wuta ba. Lamba ce da ke cewa aikin indomi ya ragu.

## Hukunci

Malamin da ciwo ɗaya ya fara, gasket. Na biyun a gareji aka saka masa shi. Abin da ya ɓatar da gareji uku shi ne lokaci: laifin na asuba ne, su kuwa duk da rana suka ga motar, sa'ad da zafi ya rufe ɓarakar. Kowane gyara sai ya yi kamar ya ci, har gari ya waye. Da an ja lamarin zuwa Maris, zafin Kano da kansa zai sassauta karkarwar, kayan da aka canza na ƙarshe ya karɓi yabo, a sake sabon lale a Nuwamba.

Cire kan batir ya yi ɓarna biyu. Ya goge shaidar da ƙwaƙwalwar ta ajiye, ya kuma goge ƙarin man da ta haddace tana rufa wa ɓarakar asiri da shi, abin da ya sa motar ta riƙa mutuwa kwana biyun nan kafin ta sake koyo. Bakaniken unguwa bai yi kuskure ba da ya ce filogi sun gaji. Irin da ya sa ne bai dace ba. Rewayan kuwa amsar tana kan allonsa tun farkon Disamba. P0171 tare da P0300 a motar da ke karkarwa a silo tana kuma gudu lafiya a titi, iska ya kamata a fara nema. Ko da kwayil ake zargi, musanya gurbi kyauta ne, kuma misin da ke yawo a silinda da yawa da wuya ya zama kwayil huɗu ne suka mutu rana ɗaya. A ganina canjin famfon mai ne ya fi rashin hujja, domin agogon awo na minti biyar ya isa ya hana buɗe tankin.

Mai motar ma yana da nasa kason. Wutar cek in ta tsaya cak tana ba da lokaci. In tana ƙiftawa, ɗanyen fetur ne ke sauka cikin indomi yana ƙonewa a can, zafin kuma yana cin saƙar da ke ciki. Mako ukun da ya yi yana hawa a haka su ne mafi kusancin dalilin P0420 ta Afrilu, ko da yake indomin da ya yi mil 180,000 dama ba yaro ba ne. An bar shi a jikin motar, ba a fasa ba, tunda bai toshe ba kuma ƙarfin injin bai ragu ba. Za a sake duba sensar bayansa a juyen baƙin mai na gaba, in lambar ta tabbata a nemi wani.